JAR ƘUMA: YADDA ZA KA TSABTACE AKURKIN KAJINKA

Kaza dukiyar gida ce. In baƙo ya sauka, ita a kan kama. In yaro ya kwanta ciwo, ita a kan kai kasuwa a sayo magani. Ƙwanta kuwa abinci ne mai gina jikin yara. Daga Kafin Hausa zuwa Bulangu, daga Sarawa zuwa Ruba, da wuya ka shiga gidan da ba a kiwon kaji ko zabi.

Amma akwai wani ɓarawo da ke shiga akurki da dare. Ba ya ɗaukar kaza kamar muzuru, jininta ya ke sha kaɗan kaɗan har ta rame ta daina ƙwai. In ya yi yawa kuma, sai ya bi bango ya shiga ɗakin kwana ya ciji yara. Wannan ɓarawo shi ne jar ƙuma.

Abu guda mu ke so ka riƙe daga wannan takarda. Jar ƙuma ba a jikin kaza ta ke zaune ba, a jikin akurki ta ke. Saboda haka wanda ya yi wa kaza magani ya bar akurki, bai yi kome ba tukuna.

MECE CE JAR ƘUMA?

Mutane su kan kira ƙananan ƙwari iri iri da sunan ƙuma. Ya kamata ka san bambancinsu, gama ko wane da inda ya ke ɓuya.

1. Ƙwarƙwatar kaji. Tana zaune cikin gashin kaza dare da rana. In ka buɗa gashin gindin wutsiya za ka gan ta tana gudu.

2. Ƙuma mai maƙalewa. Ita ce baƙaƙen ɗigo da ka ke gani sun taru a gefen idon kaza da bisa zankonta, ba su motsi.

3. Kaskar kaji. Ta fi sauran girma, jikinta a baje. Tana ɓuya cikin tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon itace, tana fitowa da dare. Ta kan sa wa kaji wani zazzaɓi mai kisa.

4. Ƙuma mai shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa, wadda ke sa ƙafar kaza ta yi kaushi ta kumbura.

5. Jar ƙuma, wadda mu ke magana a kanta.

Jar ƙuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Babbarsu ba ta wuce milimita 1 ba, watau kamar ɗigon tawada a bakin alƙalami. Ƙafafunta takwas, domin ita dangin kaska ce da gizo-gizo. In tana jin yunwa launinta toka-toka ne. In ta sha jini sai ta koma ja, daga baya ta yi duhu. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna De Geer, shi ya fara bayyana ta a rubuce cikin 1778, yanzu kuwa an san ta a kusan ko wace ƙasa da a ke kiwon kaji. Tana da wata 'yar'uwa a ƙasashe masu zafi irin namu, wadda ke zama a jikin kaza da cikin gurbi duka biyu. Aikin tsabta da za mu bayyana yana maganin su duka, har da kaskar kaji.

YADDA TA KE RAYUWA

Da rana jar ƙuma ta kan ɓuya cikin duhu: mahaɗin katako, da ramin ƙusa, da bakin sandar da kaji ke hawa su kwana, da tsagar bangon ƙasa, da cikin kara da zana, da busasshen kashin kaji. In dare ya yi, kaji sun natsu, sai ta fito ta hau su. Ta kan sha jini kamar sa'a guda, sa'an nan ta sauka ta koma maɓoyarta tun gari bai waye ba. Shi ya sa za ka kama kaza da rana ka duba ta sarai, ba ka ga kome ba.

Bayan ko wane shan jini, macen ta kan yi ƙwai kamar 4 zuwa 8 cikin tsaga. Ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 ko 3. In akwai ɗumi da laima, cikin kwana 7 kaɗai wadda ta fito daga ƙwai ta isa yin nata ƙwan. Ka riƙe wannan lissafi na kwana bakwai, za mu komo kansa.

Har wa yau tana da jimirin yunwa. Ta kan yi wata 8 ko fiye cikin akurki ba ta sha jini ba, ba ta mutu ba. Saboda haka kada ka ce, "Na fid da kaji mako biyu, ƙuma ta ƙare." Tana nan tana jira.

Abin da ba ta iya jimrewa shi ne zafi mai tsanani. Zafin da ya haura digiri 45 yana kashe ta, ita da ƙwanta. Mu kuwa a ƙasar Haɗeja rana ba ta yi mana rowa ba.

DON ME TA KE YAWA A ƘASARMU?

Ƙasarmu ƙasar fadama ce. Kogin Haɗeja da reshensa da a ke kira kogin Kafin Hausa su kan cika su malala da damina. Daga Yuni zuwa Satumba akwai ɗumi, akwai laima, abin da ƙuma ke so ke nan. Katako ya kan sha ruwa ya kumbura, in rani ya yi ya bushe ya tsage. Bangon ƙasa ma haka. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ƙuma ma haka ta ke.

Ga kuma wani dalili. In ruwa ya ci gida, kamar yadda ambaliyar 2022 ta rushe gidaje da yawa a ƙasar Kafin Hausa, mutane su kan kwashe kaji su shigar da su ɗakin kwana, ko su kife su da kwando a ƙarƙashin gado. Tausayi ne ya kawo haka, amma ta nan ƙuma ke samun hanyar zuwa tabarma da katifa.

ƁARNAR DA TA KE YI

Ga kaji: kaza ba ta samun barci, sai susa da fizgar gashi. Jininta ya kan ragu, zankonta ya koɗe ya yi fari-fari. Ƙwai ya ragu. Kaza mai kwanci ita ta fi shan wuya, domin tana zaune wuri guda kwana 21. In cizo ya dame ta sai ta tashi ta bar gurbi, ƙwai duka ya zama baragurbi. 'Yan tsaki kuwa jininsu kaɗan ne, ƙuma ta kan kashe su cikin 'yan kwanaki. Ban da wannan, ƙuma ta kan ɗauki ƙwayoyin cuta daga wannan kaza zuwa waccan.

Ga mutane: in ƙuma ta yi yawa, ko kuwa an sayar da kaji ta rasa abin sha, sai ta ciji mutum. Wurin ya kan yi ƙananan ƙuraje ja masu ƙaiƙayi, yawanci a wuya da hannuwa da inda tufa ta matse jiki. Ba ta iya hayayyafa a jikin ɗan Adam. Amma yaro ya kan sosa da farce mai dauɗa, wurin ya zama gyambo.

YADDA ZA KA GANE TANA NAN

Ka lura da waɗannan alamu:

Kaji suna ƙin shiga akurki da magariba, sun fi son kwana bisa katanga ko itace.

Ƙwai yana fitowa da ƙananan ɗigon jini a ɓawonsa.

A bakin tsagar katako akwai wani gari, kamar an barbaɗa toka da gishiri. Kashin ƙuma ne da saɓarta.

Wanda ya shiga ɗaukar ƙwai yana fitowa yana jin abu na bin hannunsa.

In kana so ka tabbata, ga hanya biyu. Ta farko, bayan isha ka ɗauki tocila da farin tsumma, ka goga tsumman a ƙarƙashin sandar kwana. In ka ga zane-zanen jini, ƙuma ce ka murƙushe. Ta biyu, ka naɗe guntun kwali, ka ɗaure shi a ƙarƙashin sandar da yamma. Da safe ka kwance, ka kakkaɓe shi bisa farin faranti. In tana nan za ka gan ta tana tafiya. Ka jefa kwalin cikin wuta.

RANAR WANKE AKURKI

Ka zaɓi ranar da gari ya yi garau, ka fara da sassafe domin akurki ya sami rana ya bushe kafin magariba. Ka tanadi tsintsiya, da buroshi mai ƙarfi, da tsohuwar wuƙa ta kankara, da bokiti, da garin sabulu, da tukunyar tafasa ruwa, da toka mai sanyi wadda aka tankaɗe. Ka sa tsofaffin tufafi, ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Yara ƙanana, da mace mai ciki, da mai ciwon asma, su nisanci wurin.

1. Ka saki kaji, ka kore su nesa.

2. Ka yayyafa ruwa a ƙasan akurki kafin shara. Kada ka share busasshen kashin kaji, gama ƙurarsa tana cutar da huhu.

3. Ka kwashe ciyawar gurbi, da ɓuntun shinkafa, da tsumma, da kwali, ka zuba cikin buhu a nan bakin akurki. Kada ka ratsa tsakar gida da su a buɗe. Ka kai bayan gida inda ba iska, ka ƙone.

4. Kashin kaji taki ne mai kyau. Ka zuba shi a ramin taki nesa da rijiya, ka rufe da ƙasa.

5. Ka cire duk abin da ke ciruwa: sandar kwana, akwatin gurbi, kaskon ruwa, mazubin abinci. Ka fito da su rana.

6. Ka kankare katako da wuƙa, ka bi ko wane mahaɗi da ko wace tsaga. In an lulluɓe rufin da leda ko buhu, ka ɗaga ka duba ƙarƙashi, nan ne babbar maɓoyarta.

7. Ka kaɗa garin sabulu cikin ruwa har ya yi kumfa sosai, ka wanke ciki da waje da buroshi. Ruwan sabulu yana kashe ƙumar da ya jiƙa.

8. Ka kwarara tafasasshen ruwa da buta cikin tsagogi da mahaɗai. Zafin ne ke kashe ƙwan. Ka yi hankali da ƙafarka, kada kuma ka bar tukunyar inda yaro zai kai.

9. Ka bar akurki a buɗe rana ta buge shi. In ƙarami ne mai ɗaukuwa, bayan ya bushe ka naɗe shi da baƙar leda, ka ajiye shi tsakiyar rana daga hantsi zuwa la'asar. Da bazara zafin cikin ledar ya kan wuce abin da ƙuma ke iya jimrewa.

10. In ya bushe, ka shafa man gyaɗa ko man darbejiya, wadda waɗansu ke kira maina, a bakin sandar kwana da inda ta haɗu da bango. Mai yana liƙe ƙuma ya hana ta wucewa.

11. Ka toshe tsagogi. Katakon da ya ruɓe, a cire shi a ƙone. Sa'an nan ka shafe ciki da farar ƙasa, domin tana cike ƙananan kafofi, kuma a farin bango ka fi ganin ƙuma in ta komo.

12. Ka barbaɗa toka a ƙasa da cikin gurbi, ka zuba sabon ɓuntu busasshe.

In ka gama, ka tuɓe tufafin a waje, ka jiƙa su cikin ruwan zafi da sabulu. Ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro ko ka ci abinci.

In akurkinka na ƙasa ne, bayan shara ka iya ƙona ɗan kara a ciki yadda iyayenmu ke yi, sa'an nan ka yaɓe tsagogi da sabuwar ƙasa. Amma kada ka yi haka kusa da danga, ko rumbu, ko ɗakin jinka, ko ran da a ke iska, kuma ruwa ya kasance kusa. Akurkin katako kuwa kada ka kusance shi da wuta. Tsohon kwando da tsohuwar zana da ƙuma ta cika, ba su wankuwa, sai ƙonawa.

KA KOMA BAYAN KWANA BAKWAI

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Su kan yi aiki mai kyau rana guda, su ga kaji sun sami barci, su ce an gama. Amma kome ƙoƙarinka, akwai ƙwan da ya tsira can cikin tsaga. Zai ƙyanƙyashe, cikin mako guda kuma a koma gidan jiya.

Saboda haka ka sake wankewa da sabulu da ruwan zafi kafin kwana bakwai su cika, ka kuma sakewa mako na gaba. Sau uku ke nan. In ka fara ran Asabar, ka koma ran Juma'a mai zuwa, sa'an nan ran Alhamis ta bayanta. Bayan haka ka sa tarkon kwali. In ya fito ba kome, aiki ya yi.

GARGAƊI A KAN GUBA

Waɗansu su kan ɗauko maganin feshin gona, ko Sniper, ko ruwan nan da a ke kira otapiyapiya, su fesa wa kaji ko su yayyafa a ɗaki. Kada ka yi haka. Guba ce. Tana shiga jikin kaza ta fito cikin ƙwai da nama, tana shiga jikin mutum ta fata da ta numfashi. Yara sun sha mutuwa saboda an zuba irin wannan a kwalbar lemo. Cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa barkatai a kasuwanni da kantuna.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Cikin 2017, a ƙasashen Holan da Beljiyam, aka gano an yi amfani da wata guba mai suna fipronil a gidajen kaji don kashe wannan jar ƙuma. Gubar ta fito cikin ƙwai. Sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai, aka rufe gonaki da yawa.

Da can a kan shafa kananzir da baƙin man mota a sandar kwana. Ka bar wannan. Kananzir yana jawo gobara, yana ƙona fatar kaza, baƙin mai kuwa yana da dafi.

In ka yi wanki sau uku ƙuma ba ta ragu ba, ka tafi wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Shi zai nuna maka maganin da aka yi domin kaji, mai lambar NAFDAC. Ka tambaye shi abu uku: nawa za a zuba, yaushe za a maimaita, kuma kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Ka ajiye sauran magani inda yaro ba ya kaiwa, ka binne kwalbar in ta ƙare.

GA UWARGIDA

Yawancin kajin gida naki ne, ke kuma ki ka fi kowa sanin halinsu. Ga naki aikin.

Kafin ki sa wa kaza ƙwai, ki wanke kasko ko akwatin gurbi da ruwan zafi, ki shanya, ki zuba toka a ƙasa, sa'an nan sabuwar ciyawa. Ran da ta ƙyanƙyashe, ki ƙone tsohuwar ciyawar.

Ki ajiye wa kaji wani tsohon kwano mai faɗi a inuwa inda ruwa ba ya zuba, ki cika shi da toka da yashi mai laushi. Birgimar da su ke yi a ciki ita ce wankansu.

Kazar da ƙafarta ta yi kaushi, ki jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, ki shafe ta da man basilin sau biyu a mako har ta yi laushi.

Kada kaza ta yi kwanci a ɗakin da mutane ke kwana, ko a ɗakin girki.

In ƙuma ta ciji yaro, ki yi masa wanka da sabulu, ki yanke masa farce. Ki wanke zannuwan gado da ruwan zafi, ki shanya tabarma da katifa a rana wuni guda. In ƙurajen sun yi ruwa ko mugunya, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi asibiti ran nan. In ƙaiƙayin yana tsakanin yatsu, kuma yana bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa ƙazuwa ce, maganinta dabam ne. Ma'aikacin lafiya zai bambanta miki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ƙuma ba ta da fiffike, kawo ta a ke yi. Ta kan zo cikin kejin 'yan kaji, da kwandon kasuwa, da kwalin ƙwai, da tufafin mutum, da sheƙar tsuntsaye, da ɗakin tantabaru.

In ka sayo kaza a kasuwar Kafin Hausa, ko Haɗeja, ko Gujungu, ka ware ta mako biyu kafin ka haɗa ta da naka. Kada ka ari keji ko akwatin gurbi sai ka zuba masa ruwan zafi. Ka cire sheƙar tsuntsu da ke jikin rufin akurki. Ran da ka wanke akurki, ka wanke ɗakin tantabaru ma.

In za ka sa kafinta ya yi maka sabon akurki, ka ce masa ya goge katakon ya yi santsi, ya rage yawan mahaɗai, ya yi sandar kwana mai ciruwa, da babbar ƙofa wadda hannu da tsintsiya za su kai ko wane lungu. Ya ɗora shi bisa ƙafafu kamar kamu biyu daga ƙasa, saboda laima da ruwan damina. Ka kafa shi a tudu, nesa da ɗakin kwana.

Shara ko wane mako. Babban wanki sau uku a shekara: kafin saukar damina, da bayan ɗaukewarta, da tsakiyar bazara.

IN KAJI SUNA MUTUWA FARAT ƊAYA

Ƙuma a hankali ta ke kisa. In ka wayi gari ka ga kaji da yawa sun mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba aikin ƙuma ba ne. Mai yiwuwa annobar kaji ce irin ta lokacin hunturu, ko kuwa murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya cikin Fabrairu 2006 a jihar Kaduna, kuma ta kan kama mutum. Mu da ke kusa da dausayin Baturiya, inda tsuntsayen ruwa ke sauka daga ƙasashe masu nisa ko wace shekara, dole mu fi kowa lura. A irin wannan hali kada ka shiga wankin akurki. Kada ka yanka, kada ka ci, kada ka sayar, kada yara su taɓa. Ka gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi nan da nan.

ABIN TUNAWA

1. Jar ƙuma a akurki ta ke, da dare ta ke fitowa.
2. Sabulu, da ruwan zafi, da rana, da toka, su ne makamanka.
3. Wanki sau uku, kada tsakaninsu ya wuce kwana bakwai.
4. Kada gubar gona ta taɓa kaza ko ɗaki.
5. Kaji da ɗakinsu, mutane da nasu.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a ganin jar ƙuma a jikin kaza da rana?
2. Kwana nawa ta ke yi daga ƙwai zuwa girma?
3. Me zai faru in an wanke akurki sau ɗaya kaɗai?
4. Waɗanne tambayoyi uku za ka yi wa malamin dabbobi?

In ka karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba. Kajinku tare su ke kiwo. In kun sa rana guda kun wanke akurkanku gaba ɗaya, ƙuma ba ta da gidan gudu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.